Ranar da na kira sunan yayanku a kan dutse

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku ƙuruciyata, na rubuta aurena da babanku da zamanmu a gidan nan na Daura, amma duk lokacin da na iso nan sai in rufe littafin in ce bari in duba tukunya. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne, da Sallar da ta wuce ina daga ɗaki na ji ku a tsakar gida kuna ba 'ya'yanku labarin, kuna dariya har da buga cinya. Wai yayanku dabara ya yi mini, ya ja ni kan dutse a ƙasar Turawa ya laɓe, ya ƙi fitowa sai da na kira sunansa. Ke Zainab har da kwaikwayon muryata. Ban ji haushi ba, ni ma na murmusa a cikin mayafina. Amma ba haka aka yi ba, kuma ba na so in koma ga Allah in bar ku da labarin da ba shi ne ba.

Ku kun taso kuna jin ina ƙwala muku kira daga madafa har zaure, wani lokaci maƙwabta ma su riga ku amsawa. Shi bai sami wannan ba. Shi ne ɗan fari, kuma a tarbiyyar da aka yi mana mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da aka yaye shi kakarku Inna, mahaifiyar babanku, ta ɗauke shi ta mayar ɗakinta, can ɗaya gefen tsakar gida, inda yanzu kuke ajiye buhunan gero. Tsakanina da shi taku ashirin ne, amma kamar gari da gari. Idan ya faɗi ya fasa gwiwa ina daka, ba na tsayar da taɓarya sai Inna ta fito ta ɗaga shi. Idan dole ta kama sai in ce "kai", ko in ce wa wani "ku kira mini yaron nan". Mata suna yabona, suna cewa Dije akwai kunya. Na yi sakandare, na san ba addini ne ya ce a yi haka ba, amma yabon nan ya yi mini daɗi, kuma har ga Allah na ɗauka shi ma ya gane. Da ya girma sai ya riƙa ce mini Hajiya, alhali ku duka Umma kuke cewa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba.

Karatu ya kai shi Ostiriya, can ƙasar Turai, aiki ya riƙe shi can, daga baya matarsa Safiya, 'yar Mai'adua, ta bi shi. Da Inna ta rasu ya zo ta'aziyya. Ranar da zai koma ya tsaya a ƙofar ɗakinta, an riga an kwashe kayanta, ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya ce da babanku:

"Alhaji, ni kam wadda ta san ni a gidan nan ta tafi."

Ina zaune kusa ina tankaɗe. Na ji, amma ban ɗago ba. Daga wannan tafiyar shekara shida bai sake taka Daura ba. Yakan kira babanku su daɗe suna hira, idan aka miƙo mini wayar kuwa sai ina wuni, lafiya lau, ya aiki, to madalla, in mayar. Idan na mayar sai in shiga ɗaki in zauna bakin gado kamar wadda ta yi aikin ƙarfi.

A shekara ta shidan Allah ya ba Safiya ciki bayan dogon jira. Mahaifiyarta ta rasu tun tana budurwa, ƙanwar mahaifiyar da aka so ta je mata wankan jego kuma ba ta sami biza ba. Sai ga Safiya ta kira ni da kanta, abin da ba ta cika yi ba.

"Umma, ke nake so ki zo," in ji ta. Sannan ta rage murya. "Ba don wankan kaɗai ba."

Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Da maganar ta fito, gwaggonku Rabi, yayar babanku, ta zo takanas da rana tsaka, ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Ikon Allah! Uwar miji ta tsallaka teku ta je wankan matar ɗan fari? Dije, kunyar taki a wane kwano kika rufe ta? Ke da ake ba da misali da ke a unguwa!"

"Yaya, marainiya ce," na ce.

"Marainiya ce sai aka ce dangi sun ƙare a Mai'adua?"

Babanku a lokacin ya dawo daga kasuwar dabbobi, yana wanke ƙafa a bakin rariya. Bai saba sa baki a maganar mata ba, amma ya ajiye buta ya ce:

"Yaya, ki bar ta. Dije, ki je ki gano mana yaron nan. Muryarsa ba ta yi mini ba."

Na ɗaure kanwa da yajin jego da garin kunu da kuka da daddawa, na hau jirgi a Kano. Mu mutanen Daura ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, idan ka tsaya bayan gari kana hango mai babur tun yana ɗan ɗigo har ya iso. Can kuwa gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame kafin ka ga ƙarshensu, kuma a kansu ga ƙanƙara fara fat alhali lokacin zafinsu ne. Na tuna malamarmu ta labarin ƙasa tana zana irinsu a allo tana shafa musu farin alli a ka, mu kuwa muna ganin kamar tatsuniya. Ranar farko na kasa tsayawa bakin taga, gani nake za su rufto mana.

Safiya ta haifi mace, aka sa mata sunan Inna, muna ce mata Ummi. Na yi wankan yadda ya samu, ba itace ba ganye, ruwan zafi daga famfo. Shi kuwa yayanku da safe zai durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni ya fita, da yamma ya durƙusa ya gaishe ni ya wuce. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Abin da na lura da shi kuma, duk ranar Asabar sai ya sa wasu takalma masu nauyi, ya goya jaka, ya ɗauki sanduna biyu ya fita shi kaɗai, ba zai dawo ba sai la'asar sakaliya, ya zauna bai ce da kowa komai ba. Wata Asabar ina gasa wa Safiya jiki da tawul sai ta fashe da kuka.

"Umma, tun rasuwar Inna yake wannan hawan. Ko sama ta haɗe sai ya tafi. Na ce me kake nema a can, ya ce can ne kaɗai ba ya jin shi baƙo ne. Kuma ya ce shi da Daura sai dai labari. Ko Ummi ba zai kai ta ba, wai ba zai kai 'yarsa gidan da za ta shiga a kawar da kai ba."

Na ci gaba da matsa tawul ɗin. Wato ni ce mai kawar da kan. Na lissafa kwanakin da suka rage mini, bayan arba'in mako guda kawai zan ƙara. Idan na hau jirgin nan ban yi wani abu ba, na san na rasa shi, kuma na rasa yarinyar da nake wa wanka kullum da hannuna. Na yi ta shirya magana a raina, amma da ya shigo sai harshena ya yi nauyi, in tsinci kaina ina duba wani abu a ƙasa.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan arba'in muna falo mu uku, yana goge takalman nan. Ban san lokacin da na ce da Safiya ba:

"Ki gaya masa gobe zan bi shi."

Ya tsayar da gogar. Bai dube ni ba, matarsa ya duba.

"Safiya, ki gaya wa Hajiya ba kasuwa ake zuwa ba."

"Ki gaya masa na yi ɗawafi na yi Safa da Marwa da ƙafafuna, ba a tura ni a keke ba."

"Ki gaya mata can shimfiɗe yake, har da fanka."

"Ni dai na gaji da aike," in ji Safiya, tana dariya tana share ido. "Ga ku ga juna. Umma, takalmana za su yi miki."

Na kira babanku neman izini. Ya ce, dutse kuma, ke da ko tsani ba kya hawa? Na ce masa can yaron yake zuwa, can zan same shi. Sai ya ce Allah ya tsare, in riƙe addu'a.

Da safe na sa wandon Safiya a ƙarƙashin zanena, na ɗora rigar sanyi a kan hijabi, ya miƙo mini sandunansa. Rabin farko ba da ƙafa ake hawa ba. Wani ɗan ɗaki ne na gilashi rataye da igiyar ƙarfe, ana shiga ya ɗaga da mutane. Da na ga rufin gidaje na komawa ƙasa, dogayen itatuwa suna wucewa ta ƙarƙashin ƙafafuna, sai na runtse ido na kama salati, kunnuwana suka toshe. Duk inda ɗakin ya zo wucewa ta jikin turken ƙarfe sai ya yi girgiza, ni kuma in ce shi ke nan. Da muka fito sai ga fili kore shar, da iska mai sanyi kamar an buɗe firij, da shanu suna kiwo ba makiyayi, kowace da ƙararrawa a wuya. Jajaye ne, gajeru, ba tozo, ƙahon ma ɗan kaɗan. Na ce a raina da Alhaji na nan da ya zagaya su ya taɓa ƙugu ya faɗi ra'ayinsa. Na so in faɗa da ƙarfi don mu sami abin dariya, sai na tuna babu Safiya da zan bi ta kanta. Tun da na haife shi ban taɓa zama daga ni sai shi ba.

Muka kama hanya, 'yar siririya, tana nannaɗe dutsen. An shafa jan fenti da fari a jikin duwatsu nan da can, ya ce da su ake gane hanya, in riƙa duba su. Yana gaba ina baya. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya gaishe mu da yarensu, har wata tsohuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba ta wuce mu tana tsalle kamar akuya. Ni kuwa taku goma sai in tsaya, numfashi ba ya isa ta, gwiwata ta dama ta fara magana. Gefen hagu ba na kallonsa ko kaɗan, don ƙasa ta yanke ne kawai, ba ka ganin inda ta tsaya. Sai na kafa idona a bayansa. Na ga yadda yake jefa ƙafar hagu irin na babanku, na ga duk 'yan mintoci yana rage sauri ba tare da ya waiwayo ba, yana sauraron ƙarar sandunana. Da azahar ta yi ya duba alƙibla a wayarsa, muka yi alwala da ruwan gora mai sanyin da ya sa haƙorana kaɗawa, ya shimfiɗa mini rigarsa a kan ciyawa ya ja mu salla. Ranar na fara bin sa salla. Kabbararsa ta yi ta yawo a cikin duwatsun tana dawowa.

Sama da nan kaɗan akwai wani benci na katako da aka kafa don masu kallo. Ciyawa ta ƙare, sai dutse tsirara da tsakuwa. Na zauna, na daure na duba. Garin da muka baro ya koma kamar an watsa tsabar gero a faranti, ga wani tafki shuɗi kamar an zuba shuni, ga duwatsu bayan duwatsu har inda ido ya gaza, tsuntsaye kuma a ƙasa da mu suke shawagi. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya kafa waɗannan. Ya zuba mini shayi daga fulas, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Hajiya, me ya kawo ki nan?"

"Na zo ganin dutse."

"To ga shi nan." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya juya kofin a hannunsa, sannan ya ce, "Na san al'ada ce, ni ba yaro ba ne. Amma Inna ta rasu, ni na yi furfura. Nan babu Gwaggo Rabi, babu matan unguwa, daga ni sai ke sai shanun mutane. Ko a nan ma?"

'Ya'yana, ga inda nake so ku ji da kyau, don shi ne abin da ba ku sani ba. Ya buɗe mini ƙofa da hannunsa. Duk maganar da na yi kwana arba'in ina shiryawa tana bakina. Na buɗe baki, kuma abin da ya fito shi ne:

"Sanyi ya fara yawa."

Ya dube ni, wannan karon ido cikin ido, sannan ya rufe fulas ɗin a hankali ya miƙe.

"Saura kaɗan a kai ƙololuwa, amma ba za ki iya wurin ba. Ki zauna nan, kada ki matsa ko'ina. Yanzu zan dawo mu sauka."

Na bi shi da kallo yana hawa har ya sha kwana. Na zauna ina zagin kaina. Ban ankara ba sai na ga tafkin nan ya ɓace. A Daura hadari daga gabas yake tasowa, kana ganinsa ka kwashe shanya. Wannan daga ƙasa ya taso, fari, yana hawowa kamar tururin tukunya, kafin in gama mamaki ya shanye garin, ya shanye hanyar, ya shanye ni. Na miƙa hannu ina ganin yatsuna dishi-dishi. Iska ta taso tana kuka a cikin duwatsu, hijabina ya jiƙe ba tare da an yi ruwa ba. Mutanen da muke ta haɗuwa da su duk babu ko ɗaya. Wayata na gida wurin Safiya, ko da tana hannuna ma wa zan kira, da wane yare? Na jawo carbi na yi ta ja, na kai ƙarshe na sake, na sake. Yanzun da ya ce ta wuce, ta sake wucewa.

Sai na ji tsakuwa na zubowa, da yawa, kamar an juye tifa, daga wani gefe da ban iya tantancewa ba. A cikin ƙarar na ji kamar muryar mutum, gajeriya, sau ɗaya. Daga nan shiru sai iska.

Na miƙe. Na ce, "Kai!" Na ce, "Kai yaron nan!" Na ce, "Baban Ummi!" Amma na saba faɗin waɗannan ƙasa-ƙasa, ina kallon gefe, ko a ranar ma haka suka fito, iska ta kwashe su tun ba su bar bakina ba. Na durƙusa na fara rarrafe wajen da na ga ya bi, ina laluben jan fentin nan da hannu. Ban yi nisa ba gwiwata ta dama ta zame ta daki bakin wani dutse, na ji wani abu ya yi ƙas a ciki, zafin ya hau har ƙeyata. A nan na tsaya, a durƙushe, ban san ko taku ɗaya ne tsakanina da ramin ba. Na ce ya Allah, shekara talatin da tara ka ba ni aronsa ban taɓa kiransa ba, kada ka karɓe shi yana zaton ban san shi ba.

"Lawal."

Da farko a shaƙe ya fito, kamar ba bakina ba. Na cika ƙirjina na sake.

"Lawal! Lawal!"

Duwatsun suka maido mini da shi. Na saurara. Can sai na ji amsa, ba daga sama inda nake zato ba, daga ƙasa, ta gefen da nake tsoron kallo.

"Hajiya! Kada ki matso! Ki tsaya inda kike!"

"Kana lafiya? Ka ji ciwo?"

"Na zame ne. Ba na ganin hanya." Muryarsa na rawa, ban taɓa jin ta haka ba. "Ki ci gaba da kira, kada ki daina. Muryarki zan biyo."

Abin da ya faru, da ya ga gajimaren ya taso sai ya tuna ya bar ni ni kaɗai, ya juyo da gudu, ya tsallake alamar fenti bai gani ba, tsakuwa ta tafi da shi gangare, wayarsa ta fita daga hannunsa ta wuce. Allah ya sa wani dutse ya tare shi. Wanda ke cewa laɓewa ya yi, idan yayanku ya zo, ya ce masa ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya ga tabon.

Haka na yi ta kira. Ban san sau nawa ba. Ina kira ina jin tsakuwa na zamewa a ƙarƙashinsa, duk ta zame sai numfashina ya tsaya har in ji ya ce yana nan. Wani lokaci ya ce in ƙara ƙarfi, iska ta karkatar da shi. Na kira shi Lawal, na kira shi Muhammadu Lawal kamar yadda liman ya faɗa ranar suna ina ɓoye a ɗaki na rufe fuska, na kira shi Lawali yadda Inna ke yi idan ta dama masa fura. Maƙogwarona ya bushe, muryata ta dushe ta koma kamar ta tsohon zakara, irin wadda kike kwaikwayo, Zainab, ban daina ba. Har sai da na ga hannu ya fito daga cikin farin nan ya dafa dutsen da ke gabana, jini na bin yatsun.

Na cafke wuyan hannun da hannuwana biyu, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Ya hauro ya zube kusa da ni yana haki. Na naɗe masa hannun da gefen hijabina, na shafa kansa, na shafa fuskarsa ina duba ko ya fashe, kamar yadda ban yi ba ranar da ya faɗi a tsakar gida yana ɗan shekara uku. Bai hana ni ba. Muka zauna a nan har gajimaren ya fara yayewa, fentin ya fito.

Saukowar ba na son tuna ta. Gwiwar ta kumbura ta cika wandon, ya rataya hannuna a wuyansa, muna taku ɗaya muna hutawa, har muka iso ɗakin gilashin ana shirin rufewa. Mu kaɗai ne a ciki. Wannan karon ban runtse ido ba, na gaji da tsoro. Muna cikin sauka ya ce, yana kallon hannunsa:

"Ashe kin iya faɗinsa."

"Kullum nake faɗinsa," na ce, da ragowar muryar da ta rage mini. "Kowace salla, tun kana cikin zanen goyo. Sai dai goshina na ƙasa nake faɗa, kai kuma ba ka ji."

Ya juya ya fuskanci gilashin. Na ga kafaɗunsa na motsi. Na kama hannunsa, ban saki ba har muka iso ƙasa.

Likitocin can sun duba gwiwar, na nan ma sun duba, kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ba ta sake lanƙwasuwa ba. Kujerar da kuke gani ina salla a kanta, ba tsufa ne ya ɗora ni ba kamar yadda kuke zato, dutsen nan ne. Tun daga ranar ban ƙara sa goshina a ƙasa ba. Malamai sun ce mini Allah na karɓa a zaune, na kuma yarda, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai asubar da nake kallon darduma in ji hawaye, don a can ƙasa na saba kai kukana. Da na buɗe baki a kan bencin nan lokacin da ya tambaye ni, da bai tashi cikin fushi ba, da ƙafata na nan, da hannunsa ba tabo. Kalma ɗaya aka nema a wurina a zaune cikin sauƙi na hana, sai da na biya ta a durƙushe. Wannan laifina ne, ba nasa ba, ba na Inna ba, kuma ke Zainab da kike kawar da kai idan ɗanki na fari ya shigo, ina ganinki.

Da zan taho bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban roƙa ba. Na dawo da sanda, na yi wata goma ina zaune a gidan nan ban san ko abin da ya faru a can ya tsaya a can ba ne. Duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ana saura kwana biyu Babbar Salla, da hantsi, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, gwaggonku Rabi na gefe a kan tabarma, lokacin idonta ya riga ya yi rauni, sai muka ji mota ta tsaya, aka yi sallama a zaure. Na gane muryar tun bai rufe baki ba. Ya shigo da Ummi a kafaɗa, Safiya na bayansa, ya tsaya a tsakiyar gidan yana dubana, ni ma ina dubansa.

"Wane ne?" in ji gwaggonku, tana kare ido da hannu. "Dije, wa ya shigo?"

Na ajiye farantin.

"Lawal ne."

"Dije!" Ta dafe ƙirji. "Me na ji kin ce?"

"Lawal ne, Yaya. Lawal ne ya dawo gida."